Babi na Biyar: Baƙi a Tsohuwar Matoya

Me zai sa a ɗauki tsohuwar masana'antar tangaran da ta daɗe da mutuwa, a gyara rufinta, a aika wa wani da ke wata uwa duniya cewa ga ɗaki, ga yumɓu, ga wuta, zo ka zauna wata uku ka yi abin da ka ga dama? Duk wanda ya ji labarin nan karon farko, tambayar da yake yi ke nan. Idan ɗan kasuwa ne sai ya ƙara da cewa: to wa zai biya, kuma me mai ginin zai samu? Ai da ma rushe kangon aka yi aka gina shaguna, ko a mai da shi sito.

Tambaya ce mai kan gado, don kuwa a garuruwa da dama rushewar aka yi. Sai dai akwai wuraren da suka bi wata hanya, kuma yawansu ya isa a tsaya a duba abin da suka hango.

Yadda zaman yake

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Wata cibiya ce ke buɗe ƙofa ga masu fasaha: magina tukwane, masu sassaƙa, masu zane, har da masu tsara gine-gine. Mutum ya aika hotunan ayyukansa da bayanin abin da yake son gwadawa, wani kwamiti ya zaɓa. Wanda aka ɗauka sai ya zo ya zauna, daga 'yan makonni zuwa shekara biyu, gwargwadon ƙa'idar wurin. Wani wurin a ba shi ɗan alawus, wani wurin shi ne zai biya kuɗin ɗaki da na gashi. Galibi idan zai tafi yakan bar wa cibiyar aiki ɗaya, ko ya koyar da ɗalibai, ko ya buɗe ɗakin aikinsa mutanen gari su shigo su gani.

A ƙasar Holan akwai irin wannan cibiya da ake kira EKWC, wadda tun 2015 take cikin wata tsohuwar majema a garin Oisterwijk. Wajen wata uku baƙo yake yi, kuma da yawa daga waɗanda ake ɗauka ba su taɓa cuɗa yumɓu ba a rayuwarsu. Ƙwararrun gidan ne ke tsayawa a kansu. A Amurka kuwa, kamfanin Kohler, mai yin bahon wanka da masai na tangaran, tun 1974 yake barin masu fasaha su yi aiki a cikin masana'antarsa ta jihar Wisconsin, kafaɗa da kafaɗa da ma'aikatan da ke zuba yumɓu a mazubi.

Wuta ce ke tara mutane

Marubuci idan ya sami takarda da shiru ya gama samun abin da yake bukata. Mai zane ma ɗaki mai haske ya ishe shi. Mai aikin yumɓu ne kaɗai kayan aikinsa suka fi ƙarfin aljihunsa, suka fi ƙarfin hannunsa biyu, kuma a nan amsar tambayarmu ta fara.

Tukunyar da ake gasawa a fili da itace da ciyawa, irin wadda muka sani, zafin da take sha yakan tsaya tsakanin digiri 600 zuwa 800 a ma'aunin Salshiyos. Tangaran mai sheƙi, wanda ruwa ba ya ratsa shi, sai ya sha kusan digiri 1,300. Ba a samun wannan zafi sai a rufaffiyar matoya da aka gina da bulon da ke jure wuta, mai bututun da ke jan iska. Gina ta kuɗi ne mai yawa. Cika ta kuma wani aiki ne, don babbar matoya tana cin kaya ɗaruruwa a gashi ɗaya, mutum guda kuwa sai ya yi watanni bai tara abin da zai cika ta ba. Idan ta itace ce, irin ta mutanen Japan da ake ginawa a jikin gangare, ana iya kwana uku ko fiye ana zuba mata itace dare da rana, ba a barin wutar ta yi sanyi. Dole a yi karɓa-karɓa. Wanda kayansa ke ciki ba zai yi barci da daɗi ba sai ya amince da wanda ya bar wa bakin wuta.

Ga kuma halin yumɓu shi kansa. Yana tsukewa da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari tsakanin bushewa da gashi. Idan danshi ya saura a cikin tukunya mai kauri, sai ta fashe a wuta, tsingaronta ya lalata na maƙwabta. Ruwan sheƙin da ake shafawa yakan fito kore a wannan kusurwar matoya, ya fito ja a waccan, saboda bambancin iska da hayaƙi. Akwai littattafai a kan duk wannan, amma sanin inda wata matoya ta fi zafi da inda take yaudara yana wurin wanda ya shekara ashirin yana hura ta.

To tsohuwar masana'anta tana da duka ukun a wuri ɗaya. Akwai matoya da faffaɗan fili mai ɗaukar nauyi. Akwai yumɓu a kusa, tun da saboda shi aka kafa ta a wurin tun farko. Akwai kuma tsofaffin ma'aikata a cikin gari, waɗanda aikin ya mutu ya bar su da sani a hannu. A ganina na ukun nan ya fi sauran daraja, kuma shi ne ya fi saurin ɓacewa, domin gini yana iya jiran shekara hamsin a gyara shi, mutum kuwa ba ya jira.

Mai bulo na Montana

A wajen garin Helena, a jihar Montana ta Amurka, akwai wani kamfanin jan bulo mai suna Western Clay. Mai shi, Archie Bray, injiniyan yumɓu ne, amma ransa yana wajen kiɗa da wasan kwaikwayo da sauran fasahohi. A 1951 ya ware wani sashe na filin kamfanin don magina tukwane. Baƙinsa na farko wasu samari biyu ne da ba su daɗe da gama jami'a ba, Peter Voulkos da Rudy Autio. Da rana suna aikin ƙarfi a kamfanin bulo, da yamma su koma kan yumɓunsu, kuma da hannunsu aka ɗora bulon ɗakin aikin.

A ƙarshen 1952 wasu manyan baƙi suka biyo ta wurin: Bernard Leach na Ingila, da Shoji Hamada da Soetsu Yanagi na Japan. Hamada ya zauna ya gina tukwane a gaban samarin. Voulkos, wanda a lokacin kyawawan kwanuka da tuluna yake yi masu cin gasa, bayan 'yan shekaru ya koma birnin Los Angeles ya shiga tsaga yumɓu, yana huda shi, yana jibga shi kan juna, har ya sauya yadda Amurkawa ke kallon aikin yumɓu baki ɗaya. Autio kuwa ya yi ta sassaƙa hotuna a jikin ɗanyen bulo don majami'u da makarantun da ke sayen kayan kamfanin, wato kamfani ya sami abin jawo masu saye, shi kuma ya sami aikin yi.

Archie Bray bai ga yawancin wannan ba, don ya rasu a 1953. Kamfanin ma bashi ya cinye shi a 1960. Abin mamakin shi ne ɗan ƙaramin sashen tukwanen nan, wanda aka ɗauka sha'awar mai gida ce kawai, shi ne ya rayu. A 1963 gidauniyar da Bray ya kafa ta sayi ɗakunan aikinta a wajen gwanjo, a 1984 kuma ta sayi sauran filin kamfanin duka. Yau zagayayyun matoyan bulon masu rufin ƙubba suna nan tsaye ba a hura su, an jibge ayyukan baƙi a cikinsu da kewayensu, kuma masu fasaha ɗaruruwa daga ƙasashe daban-daban sun zauna a wurin sun tafi.

Garin da kofi ke bin hannu saba'in da biyu

Wanda yake son ganin wannan al'amari a cikarsa, sai ya nufi Jingdezhen a lardin Jiangxi na ƙasar Sin. Garin ya sami sunansa ne a shekarar 1004, daga lakabin zamanin sarkin da ke mulki a lokacin, kuma ya fi shekara dubu yana gasa tangaran. Nan matoyar fada take, wadda ta yi wa sarakunan daular Ming da ta Qing kwanuka. Farin yumɓun da ake yin tangaran da shi, daga tsaunin Gaoling da ke kusa aka riƙa haƙo shi. Mutanen garin suna cewa kofi ɗaya sai ya bi ta hannu saba'in da biyu kafin ya kammala: mai dakan dutse daban, mai tace yumɓu daban, mai ginawa daban, mai kankare gindi daban, mai zanen baki daban da mai zanen ciki, har zuwa mai jera kaya a matoya da mai naɗe su a ciyawa.

Bayan juyin juya halin 1949 gwamnati ta haɗe ƙananan masu sana'a cikin manyan masana'antu. A shekarun 1990 waɗannan masana'antu suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, dubban ma'aikata suka rasa albashi. Sai kowa ya koma abin da ya iya. Mai yin mazubi ya kama ɗan ɗaki a cikin tsohuwar masana'antar ya ci gaba da yin mazubi, mai haɗa ruwan sheƙi ya buɗe shago, wani ya sayi matoya ta gas yana ba da hayar wuri a cikinta, kowa ya kawo kayansa a kan katako ko a kura ya biya gwargwadon wurin da ya ci.

Cikin wannan hali ne a 2005 Caroline Cheng, wata mai fasaha daga Hong Kong, ta buɗe masaukin baƙi a cikin tsohuwar masana'antar sassaƙa ta garin, wadda aka kafa tun 1956. Aikin masaukin ya yi kama sosai da na fatoma a kasuwancin goro da shanu na da. Baƙo ya sauka, bai san gari ba, bai ji harshe ba. Fatoma ne ke ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya san wanda ke da abin da yake nema, ya raka shi, ya yi masa tafinta, ya tsaya a ciniki don kada a cuce shi, idan rigima ta taso kuma shi ake nema. Haka masu kula da masaukin nan suke yi. Baƙuwa ta zo daga Ostareliya da zanen tulun da ya fi ta tsawo. A ƙasarta babu wanda zai iya gina shi. A nan sai a raka ta wurin masu manyan tuluna, inda ƙarti biyu ko uku ke haɗa hannu a kan curin yumɓu ɗaya, su gina shi kashi-kashi, a haɗa, a kankare. Daga nan a kai ta wurin mai shuɗin zane, sannan mai matoya, sannan mai ƙera akwatin da zai kai shi jirgin ruwa. Abin da zai ci mata shekara ya ƙare a makonni.

Su ma masu gari ba a banza suka tashi ba. Mutumin da ya shekara talatin yana zana dodo iri ɗaya a jikin tulu iri ɗaya, yau an kawo masa abin da bai taɓa gani ba, kuma za a biya shi fiye da yadda dillali ke biya. Ɗaliban jami'ar tangaran ta garin, waɗanda a da suke tattara kayansu su tafi da sun gama karatu, suka fara zama. Kasuwar Asabar da aka buɗe musu a harabar masana'antar ta zama wurin da ɗalibi zai shimfiɗa kofunansa ya ga ko za su shiga. Daga baya hukumomin gari suka ga abin yana da riba, suka gyara tsohuwar masana'antar Yuzhou ta 1958, suka buɗe ta a 2016 da sunan Taoxichuan, da ɗakunan aiki da gidajen tarihi da shaguna da otal, dogayen bututun hayaƙin suna nan yadda suke.

Akwai wata tsohuwar al'ada a garin da take burge ni. Matoyar itace ba ta daɗewa, bulonta yakan gaji da wuta, sai a rushe a sake gini bayan 'yan shekaru. Tsohon bulon ba a zubar da shi, gidaje ake ginawa da shi, shi ya sa za ka ga bangon lungu yana ƙyalli da baƙin sheƙin toka. Da aka zo gina sabon gidan tarihi kusa da kufan matoyar fada, mai tsara ginin, Zhu Pei, ya cakuɗa irin wannan tsohon bulo da sabo.

Sunan wa ke gindin tukunya?

Ga inda gizo ke saƙar. A 2010 gidan nune-nunen Tate Modern na Landan ya shimfiɗa wani aiki na Ai Weiwei: ƙwayar irin furen rana guda miliyan 100, kowace ɗaya da tangaran aka yi ta, da hannu kuma aka zana ta. Mutum kusan 1,600 ne a Jingdezhen suka yi aikin, cikin fiye da shekara biyu. (Da farko an bar 'yan kallo su taka, amma cikin 'yan kwanaki aka hana saboda ƙurar da ke tashi.) Ai Weiwei bai ɓoye masu aikin ba, an ma nuna fim ɗinsu a wurin. Duk da haka suna ɗaya ne a jikin bango.

Masu kare wannan tsari suna cewa tunani ne fasaha, kuma a garin da kofi ke bin hannu saba'in da biyu ba a taɓa rubuta sunan mai hannu ba, sunan zamanin sarki ake rubutawa. Akwai gaskiya a ciki. Amma ni ban yarda a kira kowane irin haɗuwa haɗin gwiwa ba. Idan baƙo ya zo da zane, ya biya, ya karɓi kaya ya tafi, wannan kwangila ce, kuma babu laifi a kwangila in an biya haƙƙi. Haɗin gwiwa sai in mai hannu ya ce wa mai zane wannan wuyan ba zai tsaya a wuta ba, a rage shi, aka rage, aikin ya sauya saboda maganarsa. Idan an kai nan, barin sunansa a waje rashin adalci ne.

Wani ɗan Ingila ya mai da wannan tambaya ita ce aikinsa. Garin Stoke-on-Trent shi ne cibiyar tangaran ta Ingila. A da matoyai masu siffar kwalba sun fi dubu a garin, dokar hana hayaƙi ta 1956 ta kashe su, yau 47 suka rage. Masana'antar Spode, wadda take wuri ɗaya tun ƙarni na 18, ta rufe a 2008, aka bar mazubai jibge cikin ƙura, daga baya aka riƙa yin bikin baje kolin tangaran na ƙasar a cikin kangonta. Ɗan Ingilan nan, Neil Brownsword, wanda ya fara aiki a kamfanin Wedgwood yana ɗan shekara 16 kafin ya zama malamin jami'a, ya gayyato tsofaffin ma'aikata su yi sana'arsu a gaban jama'a. A 2017 wata mai yin furannin tangaran, Rita Floyd, ta zauna tana murza fure cikin ƙasa da minti ɗaya, ta jefar a ƙasa, ta ɗauki wani yumɓun, har tsibi ya taru. Sunanta yana jikin aikin. Kuma duk mai kallo ya gane abin da ake nufi: hannun yana nan da ƙwarewarsa, masu saye ne babu.

Kada kuma a ruɗi kai. Masaukin baƙi goma sha biyu ba ya maye gurbin masana'antar da ta ciyar da gidaje dubu. Wani lokaci ma idan wuri ya yi suna, haya ta tashi, tsohon mai mazubin da ya jawo baƙin shi ne na farko da ke tattara kayansa.

Suleja

Mai karatu zai ce duk wannan labarin nesa ne. To ya zaro naira ashirin daga aljihunsa ya juya bayanta. Matar da ke gina tulu a wurin ita ce Ladi Kwali, kuma labarinta reshe ne na wannan bishiya.

Bernard Leach da Shoji Hamada, waɗanda muka gani a Montana, su ne suka kafa gidan tukwane a garin St Ives na Ingila a 1920. Almajirin Leach na farko shi ne Michael Cardew. Da Cardew ya tashi cin gashin kansa a 1926, tsohon gidan tukwane ya kama a Winchcombe, wanda ya shekara goma sha biyu a rufe, kuma abin da ya fara yi shi ne neman Elijah Comfort, tsohon da ya yi aiki a wurin kafin a rufe, ya dawo da shi. Bayan ya yi shekaru a ƙasar Gana ta yau, gwamnatin mulkin mallaka ta Nijeriya ta ɗauke shi jami'in tukwane a 1950. Ya zaga ƙasa yana duba yumɓu, ya zaɓi garin Abuja na da, wanda yanzu ake kira Suleja, saboda akwai yumɓu da itace da ruwa, ga kuma goyon bayan Sarki Sulaimanu Barau. A 1952 aka buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane.

A gidan Sarki ne Cardew ya ga tulunan Ladi Kwali. 'Yar Gbagyi ce daga ƙauyen Kwali, ta koyi sana'ar tun tana yarinya a hannun wata 'yar'uwar iyayenta, kuma sunanta ya riga ya zaga yankin kafin wani Bature ya ji shi. A 1954 ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko. Ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, ta yi kwanuka da butoci kamar sauran. Amma manyan tulunanta da hannu ta ci gaba da gina su, tana ɗora yumɓu tana jan shi sama, tana zagaya tulun da ƙafa, ta zana ƙadangare da kada da hawainiya da kifi da kunama a jikinsa. Abin da cibiyar ta ƙara shi ne yumɓu mai jure babbar wuta, da farin yumɓun da ake cusawa cikin zanen, da ruwan sheƙi, da matoyar itace. A gindin kayan ana buga hatimi biyu: sunan Abuja da haruffan Larabci, da haruffan sunan wanda ya gina. Nata LK ne. Wannan ƙaramin hatimi ya yi abin da masu aikin Jingdezhen ba su samu ba, don har gobe ana iya ɗaga kwano a ce wannan na Ladi ne, wannan na Halima Audu, wannan na Asibi Ido.

Cibiyar makarantar gwamnati ce, ba a kafa ta don saukar baƙi ba, amma abin da ya gudana a cikinta shi ne ainihin abin da masaukai na yau ke nema, kuma yana da wuya a ce wane ne baƙo wane ne mai gida. Cardew ya zo koyarwa, ya ƙare yana gaya wa duniya cewa matan karkarar nan sun iya abin da shi bai iya ba. An nuna kayan cibiyar a Landan a 1958 da 1959 da 1962. Ladi Kwali ta zaga Ingila tana gina tulu a gaban malamai da ɗalibai, a 1972 ta zaga Amurka. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. A 1974 kuma wata ɗaliba 'yar Kenya da ke karatu a Ingila, Magdalene Odundo, ta zo ta zauna a cibiyar ta koyi ginin hannu a wurin Ladi Kwali da sauran matan. Odundo yau tana cikin fitattun masu aikin yumɓu na duniya, da hannu take gini, tana goge tukunya har ta yi santsi ba tare da ruwan sheƙi ba, kuma ba ta fasa ambaton inda ta koya.

Amma akwai abin da aka rasa, kuma duk wadda ta taɓa shan ruwan randa ta san shi. Tulun gargajiya yana sanyaya ruwa ne saboda jikinsa yana tsattsafo, iska ta busar da danshin ta tafi da zafi. Da aka shafe tulun Ladi da sheƙi aka gasa shi a babbar wuta, ƙofofin nan suka toshe, nauyinsa kuma ya ƙaru har ba mai ɗora shi a ka zuwa rafi. Ya fi kyau a ido, ya fi ƙarko, ya daina aikin tulu. Burin gwamnati na samar wa 'yan ƙasa kwanukan tangaran ma bai cika ba, don kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka, ga kwanon sha na kasuwa da araha. Turawa da manyan ma'aikata da masu tara kayan fasaha ne suka zama masu saye.

Cardew ya bar aiki a 1965, Michael O'Brien ya karɓa. Wasu daga waɗanda suka koya a wurin, irin su Danlami Aliyu, sun je sun kafa nasu. Ladi Kwali ta rasu a Minna a 1984, kuma cibiyar tana ɗauke da sunanta. An sha kokawa a jaridu kan yadda aka bar wurin ya lalace. Idan aka auna da abin da muka gani a Helena da Jingdezhen, Suleja tana da gini mai tarihi, tana da yumɓu, tana da matan Gbagyi a Kwali da Ushafa da ke gina tukwane har yau, ga sassan koyar da aikin yumɓu a Zariya da sauran manyan makarantu. Abin da Helena ta samu a 1963 da 1984, wato mutanen da za su mallaki wurin su tsaya a kansa shekara da shekaru, shi ne ba a samu ba tukuna.

Su kuwa tulunan da suka fita daga Suleja ba su lalace ba. Suna gidajen tarihi a Ingila da Amurka, kuma idan ɗaya ya fito a kasuwar gwanjo ta Landan, kuɗin da ake bugawa a kansa ya ninka abin da aka saye shi nesa ba kusa ba. Wa ke yanke wannan farashi, me ya sa hatimin LK ya fi na sauran matan tsada, kuma ko akwai abin da ke komawa Kwali daga ciki? Wannan shi ne zancen babi na gaba.